Wata Shida A Bayan Bangon Dalma

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A makaranta, a gidan biki, har a wurin niƙa, kowa so yake ya ji yadda ƙasar take. Wasu da zuciya ɗaya suke tambaya. Wasu kuwa so suke in tabbatar musu da abin da suka riga suka ji, wai an kama ni a filin jirgi, wai jikina yana fitar da wuta, wai aikin da nake yi ne ya ƙone mini mahaifa shi ya sa har yau shiru. To ga labarin, zan ba da shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya gamsu madalla, wanda bai gamsu ba ya ci gaba da nasa.

Sunana Saratu, haifaffiyar Gummi. Kimiyyar haɗa sinadarai na karanta a jami'a, ita nake koyarwa. Yayata Hajo, wadda muke kira Adda, a Bagega aka kai ta aure. Mijinta Sani yana cikin masu haƙar zinariya a lokacin da ake kawo dutsen cikin gida a daka a niƙa. Ƙurar nan ita ta cinye musu ɗansu Basiru, ta dawo ta cinye 'yarsu Ladidi. Ni na rungumo Ladidi a mota zuwa asibiti a Anka tana sanƙarewa a jikina. Likitan ya ce gubar dalma ce ta hau mata ƙwaƙwalwa. Na ce masa, a ina cikin ƙwaƙwalwar, kuma me ta yi a can? Ya ce ba su da abin da za su gani da shi. Wannan amsa ta tsaya mini a wuya shekara da shekaru, ita ce ta sa na yi ta aika takardun neman gurbi har wata cibiyar bincike a ƙasar Finlan ta ce in zo in yi wata shida, in koyi haɗa maganin da ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da shi.

Kafin in tafi na je Adabka yi wa Adda bankwana, don can suka koma bayan Sani ya bar rami ya kama noma. Na tarar da ita da ƙaramin ciki, na farko tun bayan Ladidi. Ina ta zuba mata bayani da murna, ita kuwa tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Abin ga da za ki tahi taɓawa, ana ganinai da ido?"

"Ba a ganinai, Adda."

"Shina da wari?"

"Babu."

"To irin wancan na, gubar Bagega." Ta ajiye faifan. "In kit tahi, kin tahi. Amma abin da Allah ya ba ni cikin ga, in na sauka lahiya, ba ki ɗaukatai."

Na yi dariya don na ɗauka wasa take yi. Da na ga fuskarta sai dariyar ta koma ciki. Ni da ba ni da nawa, 'ya'yan Adda su ne nawa, a bayana suka yi wayo. Da wannan magana na bar Adabka, kuma ita ta raka ni har cikin jirgi.

Hanyar Gummi zuwa Gusau ba sai na faɗa muku ba, kun san ta. A Anka taya ta fashe, direba ya ce minti biyar, muka yi sallar azahar da la'asar a wurin. Maigidana ya raka ni har Abuja, yana ta shan magana a waya daga 'yan'uwansa, wai ya bar mace za ta ƙetare teku ita kaɗai. Ya ce musu ai ba iyo za ta yi ba. Allah ya saka masa da alheri.

Jirgi biyu na hau. Da na sauka a na biyun, ina jan akwati sai ga wani kare ya zo ya zauna a gabana kamar na ci masa bashin gaisuwa. Ma'aikaciyar da ke riƙe da shi ta ce in buɗe. Inna ta cika mini akwatin da kuka da daddawa da busasshen kifin Gummi da kilishi. Matar ta kwance ƙullin daddawa ta kai hanci, ta ja da baya har tana tuntuɓe. Ta ce mene ne wannan? Na ce abin miya ne. Ta ce ya lalace. Na ce bai lalace ba, haka Allah ya yi shi. Daddawa ta wuce, kuka ta wuce, kifi ma ya wuce, amma kilishi suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Da na san haka ne da na zauna a jirgi na cinye abina.

Sanyin da ya tare ni a waje ba ni da abin kwatanta shi, don haka ba zan gwada ba. An sama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa mai suna Helmi, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wasu garuruwa. Ta nuna mini ɗakina da makulli, ta juya ta tafi. Babu ya hanya, babu ya kika baro mutanen gida. Kwana uku muna gida ɗaya, maganar da muka yi ba ta cika cokali ba. Na ce a raina wannan tsohuwa ta tsane ni. Rana ta huɗu na jiƙa kifina na yi miyar kuka, sai na ji motsi a bayana. Helmi ce tsaye a ƙofar kicin tana shaƙar iska. Ta ce mahaifinta masunci ne, haka gidansu yake ƙamshi tana yarinya. Miyar dai ta kasa shanta, ta ce santsinta ya yi yawa, amma kifin sai da ta tsotse ƙashi. Daga ranar muka ƙulle. Ashe su shirunsu ba ƙiyayya ba ne, girmamawa ce, gani suke in sun tambaye ka lafiyar gidanku sun shiga abin da ba ruwansu.

Abincinsu sai haƙuri. Burodi baƙi mai tsami, dankali, madara a kofi ga ƙato mai gemu yana sha da abincin rana. Akwai wata baƙar alewa da suke ji da ita. Da na sa a baki na gane ɗanɗanon nan take, wani gishiri ne da muke ajiyewa a kwalba a ɗakin gwajin makarantarmu, muna hana ɗalibai taɓawa. Helmi kuma ta matsa sai na shiga ɗakin gumi, wanda kowane gida yake da shi, inda ake zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi a zauna cikin tururi. Su tsirara suke shiga. Na ce ni da zanina zan shiga, in ba haka ba a bar shi. Ita da ƙawayenta biyu suna ta kallona suna jiran in gudu. Ɗaya bayan ɗaya suka fice jajur, suka bar ni zaune. Wanda ya yi girki a Gummi da bazara ai ba a tsorata shi da tururi.

Shugabata a wurin aiki sunanta Kaisa, mace doguwa marar son wasa. Ranar farko ta bayyana mini aikin, ni ma bari in bayyana muku a taƙaice. Akwai wani ƙaton inji a ƙarƙashin ƙasa da ke samar da ƙwayoyin zarra masu fitar da wani haske da ido ba ya gani. Mu masu haɗa sinadarai sai mu maƙala ƙwayar a jikin abin da ƙwaƙwalwa ke so, misali sukari. A yi wa mutum allurar ɗan kaɗan, ya kwanta a cikin na'ura mai kama da bakin rijiya, na'urar ta bi hasken ta zana inda ƙwaƙwalwa ke aiki da inda ta yi sanyi. Wahalar ita ce ƙwayar ba ta da tsawon rai. Wata duk minti ashirin ƙarfinta yake raguwa da rabi, wata kuma sai kusan awa biyu. Tun kana haɗa maganin yake mutuwa a hannunka.

Daga nan ta kai ni inda ake haɗawa. Wasu manyan akwatuna ne jere, kowanne da 'yar taga mai kaurin gilashi da hannuwan ƙarfe da ake sarrafawa daga waje. Na dafa bangon ɗaya na ce da me aka yi shi yake da kauri haka? Ta ce, "Dalma ce a ciki. Ita ce take tare hasken kada ya same ki."

Na janye hannuna kamar na taɓa garwashi. Na nemi banɗaki na shiga na yi kuka mai isata. Na ƙetare duniya ina neman abin da dalma ta yi wa Ladidi, sai ga shi an ce bayanta zan fake kullum. Da na wanke fuska sai baƙin cikin ya koma fushi. Na ce to shi ke nan, dalma za ta yi mini gadi ko tana so ko ba ta so, a bayanta zan tsaya in tona mata asiri.

Babban kuskurena a sati na biyar na yi shi. Ranar ce karon farko da Kaisa ta bar ni in haɗa maganin minti ashirin ni kaɗai. A ƙarshen haɗin akwai wani ɗan lokaci da maganin ke fitowa daga bututun tacewa, dole idonka yana kan allo, da ka ga layi ya tashi ka danna ka tare shi a kwalba. Ina jira sai ƙofa ta buɗe, wani dattijo mai farin gashi ya shigo, tsohon farfesan da ya kafa wurin. Jikina bai yi shawara da ni ba. Na miƙe, na juyo, na ɗan rusuna, na gaishe shi. Ya tambaye ni daga ina nake, na faɗa. Ya ce akwai irin wannan injin a ƙasarku? Na ce a iya sanina babu. Ya ce, "To in kin koya, a ina za ki yi aikin?" Ina tsaye ina neman amsa, don a gidanmu ba a juya wa babba baya yana magana. Da ya fita na waiwaya, layin ya tashi ya sauka, maganin ya bi bututun shara. A sama kuwa ga mai jinya an kwantar da shi yana jira, sai da aka ba shi haƙuri aka ce ya dawo wani satin.

Kaisa ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta saurari bayanina, ta ce, "A ɗakin nan maganin ne babba. Ko shugaban ƙasa ya shigo, bayanki za ki ba shi." Na ji kunya ƙwarai, amma tambayar dattijon ta fi kunyar ci mini rai. Bayan sati biyu ya sake shigowa ina tsakiyar aiki. Ban juyo ba. Na danna, na tare maganina, na rufe kwalba, sannan na waiwaya na ce masa, "Ranar nan ka yi mini tambaya. Injin ba ya zuwa inda babu wanda ya iya shi. Ni zan jira shi a gida." Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya fita. Ban sani ba ko ya gamsu, ban kuma bi shi in ji ba.

Nawa binciken a kan ɓeraye ne, waɗanda ake ba ruwa mai ɗan dalma, mu ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu mu gwada da ta masu lafiya. Ɓerayen nan suna da likitansu, da ɗaki mai ɗumi, da dokar da ta hana a ɓata musu rai. Na ce Allah sarki, da na gidan Inna sun ji labari da sun nemi biza. Ba zan yi muku ƙarya in ce na gano wani abin a zo a gani ba. Wata shida ba ya isa. Amma na ga wurare a hoton da suka bambanta, na kuma san tambayar da zan yi gaba, abin da ban sani ba ranar da na tsaya gaban likitan Anka.

Azumi ya same ni a can, a lokacin da ranarsu ba ta son faɗuwa. Na kira Baba, wanda malami ne, ya ce akwai sauƙin da malamai suka yi ga irin waɗannan ƙasashe. Taurin kai ya sa na ce da ranar garin zan yi. Kwana huɗu na yi, a na biyar na ga kwalba ɗaya ta zama biyu a idona, na sake kiran Baba na ce ya maimaita mini sauƙin nan.

Ana saura kwana uku in taso Inna ta kira ta ce Adda ta sauka, an samu ɗiya mace. Na lissafa na ga in ban yi wasa ba zan riski suna.

Tun farkon zuwana na sa sunana cikin masu lafiya da ke ba da kansu a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu don gwadawa da ta marasa lafiya, an kuma duba ni an ce na dace. Ba a kira ni ba sai safiyar da zan tafi, wanda aka tsara da shi bai zo ba, ga maganin awa biyu an riga an haɗa yana mutuwa. Na yi tunanin Adda. Na kuma yi tunanin cewa wata shida ina haɗa abin da ake sa wa mutane a jini ina ce musu ba ya cutarwa. In na ƙi, da wane baki zan sake faɗa? Na miƙa hannu. Bayan an gama Kaisa ta juyo mini da allon, na ga cikin kaina da idona, ja da ɗorawa da shuɗi. Ta ba ni takardar shaida ta ce in riƙe a hannu saboda filin jirgi. Ni kuwa da gaggawa na cusa ta a babban akwati.

A ƙasar da muka yada zango, ina wucewa ta wata ƙofa sai ƙara ta tashi. Kafin in ankara mutum uku sun kewaye ni. Ku dubi abin da suka gani, baƙar mace da hijabi, fasfo na Najeriya, ga na'ura tana ihu. Aka kai ni wani ɗaki. Babbansu ya ce me nake ɗauke da shi? Na ce ba a jaka yake ba, a jinina yake, allura aka yi mini da safe. Ya ce ina takarda? Na ce tana cikin jirgi. Ya ce wa ya haɗa maganin? Na ce abokan aikina, ni ma aikina ke nan. Nan fa ido ya ƙara buɗewa. Ya ce, "Ke?" Wannan "ke" ɗin ita ta ɓata mini rai. Na ce masa ni. Na faɗa masa sunan ƙwayar, na ce ya kawo na'urarsu mai tantancewa zai ga ita ce, in kuma yana da haƙuri ya auna ni yanzu ya sake aunawa bayan awa biyu, zai ga rabi ya tafi. Aka kawo na'urar, ta faɗi abin da na faɗa. Suka kira Kaisa, ban ji me ta ce musu ba, na dai ga mutumin yana nesanta wayar daga kunnensa. Ya miƙo mini fasfo ya ce in yi haƙuri. Wannan shi ne kamun da kuka ji an yi mini.

Kwana uku bayan haka ina Gummi. Na ba Inna labarin ina dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Kak ki gaya ma Hajo wagga magana. Kin jiya?" Na ce Inna, abin ya mutu tun ban iso Abuja ba, ko ɗigo babu. Ta ce, "Ni na yarda. Ita ba ni ta ba."

Ranar suna muka yi sammako, amma damina ta ci hanya. Daga Bukkuyum kabu-kabu muka hau, sau biyu muna sauka muna taka laka, ba mu isa Adabka ba sai da hantsi ya yi, an riga an raɗa suna an watse. Tsakar gida cike da mata. Inna ta shige ɗakin mai jego. Ni na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama.

Adda tana zaune a bakin gado da jaririyar a cinya. Ta rame, amma idonta na nan yadda na san shi. Ta amsa, ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi maigidana. Sannan ta ce, "Saratu, tambaya guda za ni yi maki, kuma na san ba ki yi man ƙarya. Abin nan ya taɓa jikinki?"

Inna tana bayanta tana girgiza mini kai. Kalma ɗaya ce tsakanina da yarinyar nan, ina hango tafin ƙafarta ya leƙo daga zani. Kuma na san a ilimance babu abin da zai same ta ko kwana na yi da ita a ƙirji. Amma ban yi wata shida ina neman gaskiyar abin da ya kashe Ladidi don in zo in yi wa uwarta ƙarya ba.

Na ce, "Ya taɓa, Adda. Allura anka yi man, da yardata. Amma ya mutu tun kwana ukku, wallahi babu sauranai. In da akwai, ni da kaina ba ni matsowa."

Adda ta dube ni ta ce, "Shi ma Sani haka yac ce man. Yac ce ƙura ta, wanka ka fidda ta."

Ta ce a shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa daga waje. Na zauna, aka kawo mini fura. Matan da ke tsakar gida suka ɗan ja 'ya'yansu gefe, ina ganinsu, ban sunkuyar da kai ba.

Can Adda ta ce, "Za ki koma?"

"Za ni koma."

"Ko da na hana ki wagga?"

"Ko da kin hana ni, Adda."

Ta taso a hankali tana dafa bango, ta zo har kusa da ƙofa, ta tsaya inda hannuna ba zai kai ba. Ta buɗe fuskar yarinyar ta juyo mini da ita. Ta ce, "To dibi takwararki da kyau. Sani ya bar man zaɓi, nic ce Saratu. Ina son ta yi taurin kai irin naki, ta ƙi mutuwa."

Na kalle ta har ta rufe ta ta koma gado. A tabarmar nan na zauna har la'asar, hannuwana a kan cinyata.

Masu cewa an kore ni daga gidan Adda, ba a kore ni ba, kuma duk wanda ya zage ta a gabana zai ji ba daɗi, don ba ku binne biyu ba. Masu cewa in bar aikin nan in zauna lafiya da 'yan'uwana, ku ma kun ji amsata. Takardar komawata ta iso, bayan Babbar Sallah zan tafi, wannan karon shekara uku. Inna ta ce takwarata ta fara dariya, ta yi kumatu. Ni dai har yau ban san nauyinta a hannu ba.